Hoton cikin ido a asibitin karkara: ɗauka, karantawa da tura majinyaci

Cututtukan da suka fi makantar da manya a ƙauyukan Kano da Jigawa ba sa sa ido ya yi ja, galibi kuma ba sa ciwo. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 na wannan makanta, sai hawan jinin ido, wato gilakoma, da kusan kashi 17. Yana dai in ta nuna ko da tocila ana ganinta. Gilakoma da ɓarnar ciwon suga kuwa a can bayan ido suke aikinsu, sai an leƙa.

Wannan jagora na ma'aikacin lafiyar da ke ƙaramin asibiti ne, wanda kayan aikinsa ba su wuce waya mai kyamara, tocila, allon gwajin gani da gilashin hannu na leƙa bayan ido mai ƙarfin 20D ba. Abu biyu ake nema daga gare shi: ya fitar da hoton da likitan ido zai iya karantawa, ya kuma san wa zai hau mota yau, wa zai jira wata guda, wa zai koma gida ya dawo baɗi.

Kafin ka taɓa waya

Hoton da ba ya tare da awon gani rabin labari ne. Ka rataya allon gwajin gani mai harafin E a inuwa mai haske, majinyaci ya tsaya mita 6 daga gare shi. A auna kowane ido daban, a rufe ɗayan da tafin hannu, domin ta tsakanin yatsu ana leƙe. Ka rubuta 6/6, 6/18, 6/60 ko abin da ya samu. Wanda bai kai 6/12 ba, ka ba shi kati mai ɗan huji kamar na bakin allura ya duba ta ciki. In ganin ya ƙaru sosai, matsalarsa ta tabarau ce. In bai ƙaru ba, akwai abin da ya tare haske ko ya taɓa bayan ido.

Daga nan ka haska tagar ido, wato ɗan baƙin ramin da ke tsakiya, kana kai tocilar daga wannan ido zuwa wancan. Idon da tagarsa ke buɗewa maimakon tsukewa sa'ad da haske ya sauka kansa, jijiyar ganinsa ko retinarsa, wato tantanin bayan ido da ke karɓar haske, ta samu babbar matsala. Dole a yi wannan kafin ɗiga maganin buɗe ido, don bayan an ɗiga alamar ta ɓace. Ka auna hawan jini da suga, ka tambayi shekarun da aka yi da ciwon, da ko akwai wanda ya makance a dangi.

Ka nemi izini a fili: "Baba, zan ɗauki hoton cikin idonka in aika wa likita, ka amince?" Ido kaɗai za a ɗauka, ban da fuska, wannan ya fi kwantar wa mata da mazajensu hankali, ya kuma dace da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai ka rubuta lambar kati, kwanan wata da "dama" ko "hagu" a takarda, ka fara ɗaukar hoton takardar. Ranar kasuwa in ka duba mutum talatin, wannan takarda ce kaɗai za ta raba maka idon wani da na wani.

Gaban ido

A yi amfani da kyamarar baya, a kashe fitilarta. Wani ya riƙe tocila daga gefe, ta karkata, don hasken da ya fito kai tsaye daga gaba yakan bar farin tabo a kan koniya, tantanin garai-garai da ya rufe baƙin ido, ya ɓoye gyambon da ake nema. Ka ja hoton ninki biyu, ka jingina hannunka a goshin majinyaci, ka taɓa fuskar waya daidai kan baƙin ido har ya fito sarai.

Da kaka ne aikin nan ke yawa, lokacin da ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero ke karce idon manoma da masussuka. Ka jiƙa bakin takardar fuloresin, rinin da ke nuna rauni a ido, da ɗigon ruwan gishirin asibiti, ka taɓa cikin fatar ido ta ƙasa, majinyaci ya ƙifta, sai ka haska da shuɗin haske. Wurin da ya kwaile zai yi kore shar. Ka riƙe rula kusa da ido a cikin hoton don a san faɗin gyambon da milimita, ka sake ɗauka bayan kwana biyu a irin wannan haske. Gyambon da ya biyo bayan raunin tsiro, mai fari-fari da baki kamar gashi da 'yan ɗigogi a kewaye, ana zargin fangas ne. Irinsa in aka ɗiga masa maganin sitiroyid, irin su dexamethasone da ake saya a kemis, cikin kwanaki idon zai lalace. Gyambon da ya hau tsakiyar koniya, ko aka ga mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin ido, ranar za a tura shi.

Don amosanin ido, a juya fatar ido ta sama a ɗauki cikinta: ƙuraje farare biyar ko fiye, masu faɗin rabin milimita zuwa sama, alamar ciwon yana ci ne. Gashin idon da ya juya ciki kuwa daga gefe ake ɗaukarsa, majinyaci na kallon sama. Ka tambayi Inna ko tana tsige gashin, domin idon da aka tsige jiya zai fito a hoto kamar lafiyayye, alhali aikin fatar ido yake buƙata.

Yaro kuma: a ɗaki mai duhu, daga nisan kamar mita ɗaya, fitila a kunne, ido biyu a hoto ɗaya. Tagogin biyu ya kamata su dawo da haske iri ɗaya, ja-ja ko ruwan lemo. In ɗaya ta dawo da fari, yana iya zama yanar haihuwa, yana iya zama sankarar retina, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma tana kisa. Ba a cewa a dawo a sake gani. A tura cikin makon.

Buɗe tagar ido

Da wuya waya ta ga bayan ido ta tagar da ba a buɗe ba. Amma kafin ɗiga magani, ka haska tocila daga ɓangaren kunne, a kwance, daidai da baƙin ido. In duk baƙin ya haskaka, babu damuwa. In rabin da ke wajen hanci ya zauna cikin inuwa, gaban idon ya yi ƙunci, kuma buɗe tagar na iya toshe magudanar ruwan ido, matsin ya hau farat ɗaya. Wannan a bar wa likita. Haka wanda ya bugu a kai ake sa ido kan tagoginsa, da idon da ake zargin ya fashe.

Maganin shi ne tropicamide 1%, ɗigo ɗaya, a ƙara wani bayan minti 5 zuwa 10. Idon baƙar fata ya fi jinkirin buɗewa, na mai ciwon suga ya fi kowa, don haka a jira minti 20 zuwa 30. In bai buɗe ba a haɗa da phenylephrine 2.5%. A guji mai ƙarfin 10% ga mai hawan jini, mai ciwon zuciya da ƙananan yara. Kada a yi da atropine don kawai shi ke cikin kabad: yakan bar mutum da dishi-dishi har mako biyu.

Ka gaya wa majinyaci zai ga hazo kuma rana za ta dame shi na awa 4 zuwa 6, kada ya tuƙa babur. In ido ya kama ciwo mai tsanani da ciwon kai ko amai, ya dawo a daren. A watan azumi wasu kan ƙi ɗigon saboda ɗacin da ke sauka a maƙogwaro. Danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu yana rage wannan sosai, wanda kuma bai gamsu ba a ba shi wata rana.

Ɗaukar hoton bayan ido

Ka rufe taga da ƙofa, ɗakin ya yi duhu gwargwado. Ka sa waya a bidiyo, fitila a kunne ba ƙiftawa. Bidiyo ake ɗauka saboda kyakkyawan hoto daƙiƙa guda yake bayyana ya wuce. Daga baya a tsayar a ciro shi. Wayar da fitilarta ke dab da kyamara ta fi dacewa.

Majinyaci ya zauna ya jingina kai da bango, ko ya kwanta rigingine, wanda ya fi wa mai koyo sauƙi. Ka fara ba tare da gilashi ba, daga nisan kamar kamu ɗaya da rabi, har ka ga tagar ta cika da jan haske a fuskar waya. Kada ka saki wannan haske. Ka riƙe gilashin 20D da babban yatsa da manuni, ɓangaren da ya fi tudu yana kallonka, sauran yatsun su jingina a goshi su ɗaga fatar ido. Ka kawo shi dab da ido, sannan ka janyo shi a hankali zuwa wajenka. A wajen santimita 5 daga ido, retina za ta cika gilashin. Waya na tsayawa tsakanin santimita 15 zuwa 35 daga gilashin, gwargwadon irinta. Kyamara, gilashi da tagar ido su zama a layi ɗaya. Da zarar ɗaya ya kauce, komai ya yi baƙi.

Hoto biyu ake so a kowane ido. Na farko kan jijiya, wato wurin da jijiyar gani ta haɗu da bayan ido, a tsakiya: don idon dama ka ce, "Malam, kalli kunnena na dama," don na hagu kuma kunnenka na hagu. Na biyu makula a tsakiya, wurin da ake karatu da gane fuska da shi: ya kalli fitilar kai tsaye. Ka bar wannan ya zama na ƙarshe don shi ya fi sa hawaye. Bayan haka ya kalli sama, ƙasa, dama da hagu. Kada haskawa ɗaya ta wuce kamar rabin minti ba hutu.

Hoton da gilashin ke bayarwa a kife yake, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Ka juya shi digiri 180 kafin aikawa. In ya daidaita, a idon dama kan jijiya yana ɓangaren dama na hoton, makula na hagunsa.

Abin da ke ɓata hoto kusan kullum ɗaya ne daga cikin waɗannan. Fararen ɗigo biyu masu ƙyalli a tsakiya hasken fitila ne da gilashin ya mayar. Ka ɗan karkata gilashin su rabu su koma gefe. Baƙin jinjirin wata a gefe yana nufin layin ya karkace ko tagar ba ta buɗe sosai ba. In waya ta nace sai ta fito da yatsunka sarai ta bar retina, ka danna ka riƙe kan hoton retinar har ta kulle a wurin. Hoton da ya yi fari fat, a rage haske, ko a manna farar filasta ta takarda a kan fitilar. Tabon da ke fitowa a wuri ɗaya a idon kowa datti ne a gilashi. Da hunturu ƙura ba ta ɗaga ƙafa, don haka a fara hure ta kafin a goge da ƙyalle mai laushi. Gogewa da bakin riga kan ƙura yana karce gilashin har abada. Hazon da bai gushe ba duk yadda aka gyara, daga cikin idon yake: yana, hakiya ko jini.

Akwai kuma Arclight, ƙaramar fitilar leƙa ido mai cajin hasken rana da aka ƙirƙira tare da Jami'ar St Andrews ta Sikotilan. Ana iya manna ta a kyamarar waya. Filin da take nunawa ƙarami ne, amma tana fito da kan jijiya da kyau.

Karanta abin da ka ɗauka

Tambayar farko: hoton ya karantu? In ba a ganin ƙananan hanyoyin jini kusa da makula da bakin kan jijiya sarai, ka rubuta "bai karantu ba". Mai suga da hotonsa bai karantu ba turawa ake yi, domin babu kuskuren da ya kai a rubuta "lafiya lau" a kan hazo.

Kan jijiya zagaye ne mai ruwan hoda, da ɗan farin rami a tsakiya. Ka kwatanta tsayin ramin, daga sama zuwa ƙasa, da tsayin kan jijiyar duka. In ya kai kashi 7 cikin 10, ko bambancin ido biyu ya kai kashi 2 cikin 10, ko gefen ya sirance a sama ko a ƙasa, ko akwai ɗan jini a bakinsa, ana zargin gilakoma. Zargi ne kawai: wasu da babban kan jijiya aka haife su, ramin ma babba. Sai an auna matsin ido, wanda a yawancin mutane yake tsakanin 10 da 21, an kuma gwada faɗin gani. A tura cikin wata guda, a kuma ce 'yan uwansa na jini da suka haura 40 su zo. Kan jijiyar da ya kumbura a ido biyu, bakinsa ya dushe, ga ciwon kai ko amai, wannan maganar ƙwaƙwalwa ce ko hawan jini mai tsanani, kuma ta yau ce.

A idon mai suga, farkon abin da ke fitowa 'yan jajayen ɗigogi ne. Sai ɗigon jini masu girma, sai tabo rawaya masu ƙyalli da kaifin baki, wato kitsen da ya tsiyayo daga hanyoyin jini, sai farare masu laushi kamar auduga. Ɗigogi kaɗan nesa da makula, gani kuma lafiya: a matsa wa suga da hawan jini, a sake hoto cikin wata 6 zuwa 12. Rawayan tabo kusa da makula, ko gani ya ragu: a tura cikin wata. Sababbin hanyoyin jini sirara masu cukurkuɗewa a kan jijiya, ko jinin da ya kwanta gaban retina: cikin mako ɗaya zuwa biyu, don suna iya fashewa kowane lokaci. Mai suga irin na manya a duba shi tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara, ko da yana cewa yana gani garau.

Waya tana da iyaka. Ba ta kai wa can gefen retina, inda sikila ke ɓarnarta, musamman ga masu nau'in jini SC, inda kuma retina ke fara yagewa. Wanda ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa sun cika masa ido farat ɗaya, ko labule na sauko masa, a tura shi ranar ko hoton ya yi kyau.

Abin da zai tarar a birni

A Kano akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, da Asibitin Ido na Makkah. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ka bincika ta waya ko na'urar da ake buƙata tana aiki kafin mutum ya kashe kuɗin mota daga Gumel ko Rano, ka kuma yi masa bayanin abin da za a yi masa.

Na'urar ɗaukar hoton ido mai suna OCT na nuna kaurin retina hawa-hawa, yadda mai haƙar rijiya ke ganin yashi, jar ƙasa da marmara a jere. Haske take amfani da shi, ba ta taɓa ido, minti kaɗan ne. Ita ke tabbatar da ruwa ya taru a makula. Kaurin tsakiyar ya kan kasance wajen maikiron 250, in ya haura 300 ana zargin kumburi. Da ita ake yanke shawarar allurar cikin ido irin su bevacizumab, wadda ake maimaitawa wata-wata da farko, da ita kuma ake ganin ko tana aiki. A gilakoma tana auna kaurin zaren jijiya ta ba da kore, rawaya ko ja. Jan launi shi kaɗai ba hukunci ba ne, don yana ko busasshen ido na raunana hoton su ba da sakamakon ƙarya.

Sikanin ido da sauti na lokacin da haske ya kasa shiga ne. Ana shafa jel a kan fatar ido a rufe, a ga ko retina na kwance ko ta ɗago bayan farar yana ko jini. Yana da muhimmanci ga wanda mai maganin gargajiya ya tura masa yana ciki da tsinke, don a ga inda ta faɗa. Kafin aikin yana kuma ana auna tsawon ido, wanda yake wajen milimita 23 zuwa 24, da lanƙwasar koniya, don zaɓen gilashin da za a dasa. Kuskuren milimita 1 a awon na jawo kuskuren kusan 2.5 zuwa 3 a ƙarfin tabarau. Idon da ake zargin ya fashe ba a danna masa komai: a rufe shi da garkuwa ko gindin kofin roba mai tsabta, a tura. Maƙeri ko bakanike da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idonsa, CT ko hoton ƙashi ake masa, ban da MRI, domin maganaɗisunta na iya motsa ƙarfen.

Wani lokaci ana sa rinin fuloresin ta jijiyar hannu a bi shi da hotuna don ganin inda jini ke yoyo ko ya toshe kafin a yi aikin ido da hasken leza. Ka faɗa masa fitsarinsa zai yi rawaya sosai na kwana ɗaya zuwa biyu, yana iya jin tashin zuciya, ya kuma sanar da likita in yana da ciwon ƙoda, ko wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini, ko mace tana da ciki.

Aikawa da bibiya

WhatsApp na matse hoto ya zubar da ƙananan ɗigogin da ake nema, don haka a aika shi a matsayin fayil. A haɗa da lambar kati, shekaru, awon ganin kowane ido, hawan jini, suga, da tambaya ɗaya tak, kamar "a turo yanzu ko a jira?" Kada a sa suna, kada a jefa a zauren da ya tara mutane da yawa. A kwashe hotunan zuwa kwamfutar asibiti ko katin ajiya, a goge su daga wayar da yara ke wasa da ita a gida.

A rijista a ware layi huɗu: ranar hoto, amsar likita, ranar da aka ce ya tafi, da ko ya je. Wanda mako biyu suka wuce bai je ba, a bi shi ta hannun ɗansa ko mai unguwa. Nuna wa mutum hoton idonsa kusa da na lafiyayye yakan yi tasirin da dogon bayani bai yi ba, musamman mai gilakoma da ake so ya riƙa ɗiga magani kullum alhali ba ya jin ciwo. Ka gaya masa gaskiya cewa maganin ba ya dawo da ganin da ya tafi, tsare wanda ya rage yake yi. In timolol aka rubuta masa, ka tabbatar ba shi da asma ko jinkirin bugun zuciya. Duk wata 6 ka sake ɗaukar kan jijiyarsa da waya ɗaya, gilashi ɗaya, a ɗaki ɗaya, ka ajiye sabon hoto gefen tsohon. In ramin ya faɗaɗa ko sabon ɗigon jini ya fito a bakinsa, ya koma wurin likita ko ranar da aka ba shi ba ta yi ba, domin mai yiwuwa lokacin tiyata ya zo.